Ludayi a Cikin Jaka

Kwana biyun nan zama ya ƙi ni. In na zauna a kujera sai in miƙe in leƙa taga, in na leƙa taga sai in koma madafa in buɗe tukunyar da na san babu komi a cikinta. Ɗiyata ta ce hawan jini ne, mu tafi wajen likita. Na ce ta ajiye makullin mota ta ɗauko biro. Ni ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba ko na yini guda, don haka ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ja mata kunne: kada ta gyara mini magana, kada ta sa mini taushin da ba ni da shi.

Tun kafin abin da ya hana ni zama, akwai abin da ke damuna a garin nan, kunnuwan mutane. Ku shiga jirgin tiram daga nan unguwarmu Minguettes zuwa cikin garin Lyon ku duba. Kowa ya toshe kunnensa da wani farin abu kamar mai ciwon kunne, kowa da kiɗansa shi kaɗai, kai na rawa, fuska a murtuke. Ba ka san abin da na kusa da kai ke ji ba, shi ma bai san naka ba. A Damagaram ɗin da na tashi sauti ba ya ɓuya, kuma kowane sauti da mai shi. Kana kwance da safe ka san wace mata ce ta fara daka, don kowace da saukar taɓaryarta: wata kamar tana fushi da turmin, wata kamar tana lallashinsa. Ka san gugan wane gida ne ya faɗa rijiya. Ka san maƙeri ya karya kumallo ko bai karya ba daga nauyin gudumarsa. Yanzu jikokina na da waƙa dubu a aljihu, amma ko ɗaya babu wadda aka yi dominsu.

Gidan su maigidana gidan masu algaita ne, katanga ɗaya ta raba shi da gidan gwaggota inda na girma. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Bai fito ba yana da rai, ba zai fito ba yana kwance. Wanda Nasara suka laƙa mishi daga baya kuwa, ko an sa mini wuƙa. Tun yana ƙarami mahaifinsa ke zaunar da shi gaban ƙwaryar ruwa da kara mai rami a baki, ya yi ta hurawa, kumfa na tashi, yana jan iska ta hanci ba tare da kumfar ta tsaya ba. In ta tsaya, ranƙwashi. Mu muna ji ta bayan katanga, muna dariya. A nan kuma na ji tsohon yana koya mishi maganar take, wato busar da ake yi wa mutum ɗaya tak, wadda in ta tashi kowa ya san da wa ake. Yakan ce: “Take ba naka ba ne, kai mai busa. Na mai shi ne. Ka kira, ka yi shiru, ka bar mishi wurin da zai amsa. In ka cike wurin nan da kanka, to kanka ka yi wa busa.”

Wata rana da hantsi ina daka gero, sai na ji wata busa daga bayan katanga wadda ban taɓa ji ba. Ta hau sau uku kamar mai hawa tsani, sai ta tsaya cik. Shiru. Can aka sake, aka sake tsayawa a wuri ɗaya. Gwaggota ta dube ni, ta dubi katanga, ta ce, “Ke, wannan ba da ni ake ba.” Kwana uku yana yi, ina yin kamar kurma. Rana ta huɗu raina ya ɓaci, da ya tsaya sai na ɗaga taɓarya na doka wa turmi sau biyu da ƙarfi, nufina ya tafi ya ba mutane wuri. Ai kuwa sai busar ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta gangaro ƙasa tana rangaji, ana jin dariyar mai yinta a cikinta. Ashe da sauranta, amsa take jira. Daga ranar ta zama tawa. Ba a taɓa busa wa kowa ita ba, kuma a lokacin ban taɓa barinsa ya yi numfashi uku yana jira ba.

Bayan aurenmu aka ɗauke shi cikin masu busa na bariki. Can aka miƙa mishi ƙahon Nasara mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, saksofon. Tsohon ya juya shi a hannu ya ce ƙarfe ne mai maɓallai kamar rigar soja, ya mayar mishi da abinsa. Amma shi ya kamu. Ya samo faifan baƙaƙen Amirka, kiɗan da suke ce wa jaz, yana saurare har abinci ya huce. Yakan ce mini, “Ji, ji! Wannan ma kira yake, wancan na amsawa. Mutanen nan ƴan gida ne, hanya ce ta ɓace musu.” Haka ya bi wannan kira har Paris, bayan damina biyu ya aiko na same shi.

Ɗakinmu na can ƙarƙashin rufin wani dogon gida, matakala har gwiwa ta yi kuka, famfo ɗaya a waje na mutane takwas. Matar da ke tsaron ƙofar gidan ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, sai dai in na wuce ta fito da tsumma ta goge ƙarfen matakala inda hannuna ya taɓa. Na zo da ɗan turmina a walis, akwatin kayana. Ranar farko da na daka yaji, na ƙasa ya dinga dukan rufinsa da sandar tsintsiya kamar gidan ya kama wuta. Turmi ya koma kujera. Sai na nemo abin amsawa: ludayin ƙarfe da murfin tukunya. Da azahar in ya tashi ya wanke baki, kafin ya fara gwajin kiɗansa, sai ya hau tsanin nan sau uku ya tsaya, ni kuma daga lungun da nake girki in buga sau biyu, kwan, kwan. Shi ke nan yini ya fara. Ba mu masu yawan magana ba ne, ni da shi. Wannan ita ce hirarmu.

Abokan kiɗansa baƙaƙen Amirka sukan hau matakalar nan ranar Lahadi da rana don tuwon semul da miyar kuɓewa. Na kafa musu doka: takalmi a ƙofa, kwalba a titi. Akwai wani dogo mai piyano, tsoho, yatsunsa kamar rassan kuka, ranar da ya fara ɗanɗana miyar sai ya ajiye cokali ya rufe fuska da hannu. Maigidana ya ce wai kakarsa ce ta faɗo mishi a rai. Na ce a gaya mishi ya ci da hannu, cokali ne ke sa shi kuka. Ya yi dariya har ya ƙware, daga nan yake ce mini Janar. Su ne suka fara mamakin numfashin maigidana, yadda yake riƙe murya ɗaya ba ta yankewa. Amma su ba tsawonta ke burge su ba, abin da yake sakawa a cikinta suke saurare. A shekarun nan ba mu da komi, sai dai duk waƙar da ya busa tasa ce, ya ƙirƙiro ta zaune kan turmina.

Sai ga patron. Wani jan mutum ne mai laushin murya, mai kamfanin faifai, wanda ke kama hannun mutum da hannu biyu in zai gaisa. Tun ranar farko ban so idonsa ba: yana kallon ɗakinmu kamar mai zagaya kasuwa. Ya zo da azahar ba sanarwa, ya tarar maigidana na busa takena, ya ji bugun ludayina. Ya dafe ƙirji. Ya yi ta zuba Faransanci, ni dai kalma ɗaya na tsinta, mañifik, mañifik. Bayan sati biyu maigidana ya shigo yana sosa bayan kunne, abin da yake yi in ya yi laifi.

“Yana so a sa busar nan a faifai,” in ji shi.

“Wace busa?”

“Kin sani.”

“Taka ce ko tawa?”

“Taki ce.”

“To me ya sa kake tambayata bayan ka sa hannu?”

Ya dube ni, bai ce ya aka yi na sani ba. Ban iya karatun takarda ba, amma shekara nawa ina karatun kunnen nan. Ya zauna bakin gado ya ce shekara shida yana busa a gidajen kiɗan da ke ramukan ƙarƙashin ƙasa, mutum ashirin na saurare, goma na hira. Ya ce wannan ƙofa ce, in ya shiga da wannan zai shigo da sauran waƙoƙinsa a baya. Ya ce duniya duka za ta ji takena, wace mace aka taɓa yi wa haka? Na ce ni ban aiki duniya ta ji ba. Na juya na ci gaba da yankan albasa.

Da faifan ya fito ya kawo shi gida a ƙarƙashin kwat, bai so in ga bayansa ba. Na fizge. Ga shi nan a hoto ba riga, ƙirji a waje, an rataya mishi duwatsu da haƙoran wata dabba a wuya, kumatu a kumbure. Mutumin da ko famfo ba ya zuwa babu hula, ɗan gidan da ake naɗa rawani kafin a ɗauki algaita. Ya ce cikin hunturu aka ɗauki hoton, har mura ya yi. Na ce ya sa mu ji. Busa ta hau sau uku, na riƙe numfashina ban sani ba, hannuna ya kai ga ludayi da kansa. Babu shirun. A wurin da ya kamata a tsaya sai ga tafi da ganguna da wasu mata suna rera wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Zabarmanci ba, ba harshen kowa ba. Ya ce patron ya ce rediyo ba ta son shiru, in aka yi shiru mutane za su zaci akwatinsu ya lalace. Na mayar da ludayi cikin miya.

Faifan ya karɓu, karɓuwar da ba wanda ya zata. Muka sauko daga ƙarƙashin rufi muka koma gida mai famfo a ciki. Ni ban bar aikin sharar buro, wato ofis, da nake yi ba, don ban yarda da arzikin da ya zo da ƙirji a waje ba. To can ma busar ta bi ni. In shiga asansar, ɗan ɗakin nan mai hawa bene da mutane, da bokitina, tana ciki. In shiga kanti sayen gishiri, tana ciki. Daga baya aka sayar da ita ga masu tallan wani kafe, gahawar Nasara, aka zana wani baƙin mutum mai jan leɓe da kumatu kamar tulu yana busa cikin kofi, aka sa mata kalmomin talla. Yara a titi suna ganinsa sai su kumbura kumatu su bi shi suna rerawa. Ku da ba ku tashi da take ba ba za ku gane ba. Kamar a ce ana ƙwala maka kira da sunanka na yanka daga kowane lungu na gari, daga bakin mashaya, daga bakin yara, kuma duk ba da kai ake ba. Sau nawa ina tsaye a layin kanti ƙafata ta motsa za ta amsa, in taka ta da ɗayar.

Shi ma bai ji daɗin da ya yi zato ba. Ƙofar da ya ce zai shigo da sauran waƙoƙinsa, ta buɗe ne daidai faɗin waƙa ɗaya. Duk garin da ya je ita ake so. In ya fara wata sabuwa sai a yi ta fito ana buga ƙafa har ya koma waccan. A ƙarshenta kuma patron ya sa ya riƙa riƙe murya ɗaya, mutane na duba agogo suna ƙirgawa da ƙarfi, kamar ana kallon mai haɗiye wuƙa a kasuwa. Dogo mai piyano ya daina zuwa cin tuwo. Ranar da suka haɗu a titi dogon ya cire hularsa ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, sarkin kafe.” Maigidana ya faɗa mini yana dariya, amma ranar bai ci abinci ba. Kuma duk sunan nan bai sa masu masauki su daina cewa ɗakuna sun cika ba, ko da hotonsa na manne a bangon da ke kallon ƙofarsu. Wata safiya a wata tashar jirgin ƙasa, ina tare da shi, ƴan sanda biyu suka tsayar da mu. Takardu. Ya ba su. Akwatin nan na wane ne? Nawa ne. Ina ka samo? Buɗe. Ya buɗe, ƙahon na ƙyalli. Ɗayan ya ce in naka ne busa mu ji. Mutane sun taru. Ya haɗa ƙahonsa, ya rasa abin da zai busa, bakinsa ya kai shi ga abin da ya saba. Sai fuskar ɗan sandan ta washe, ya ɗora da waƙar tallan kafe, yana kaɗa kai, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya sa wa matarsa hannu a takarda. Ya sa. Muka shiga jirgi, har muka sauka ba wanda ya dubi wani.

A gida bai fasa ba. Kullum da azahar sai ya hau tsanin nan sau uku ya tsaya, shirun nan na asali, ya jira. Ni ina madafa, ludayi a hannu, in ci gaba da juya miya. Ya jira, ya jira, ya ajiye ƙaho. Shekara huɗu muna haka. Na haifi ɗiyar nan da ke rubutu a cikinsu, na yi mishi wanki, na yi mishi guga, ban taɓa ɗaga mishi murya ba. Amma ban buga ba. Ina ganin ni ce mai gaskiya, kuma har yau ban ce ba ni ce ba. Abin da ban sani ba a lokacin, mai gaskiya ma yakan wuce wuri.

Sai aka gayyace shi Lyon, wani babban wasa na bazara a fili, cikin wani lambu, da la'asar. Ya ce in raka shi. A jirgi, yarinya na barci a cinyata, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Gobe zan bar miki wurinki. Na gaya wa masu ganga. Patron bai sani ba.” Na gyara wa yarinya kwanciya. Abin da bai sani ba shi ne tun a gida, da na ga yadda yake ta kai da kawowa, na naɗe ludayin a ɗankwali na tura shi ƙasan jakata. Kada ku tambaye ni dalili. Ni ma ban tambayi kaina ba.

Ya sa aka ajiye mini kujera a gefen dandali, jikin wani ƙarfen shinge, inda in na buga zai ji. Rana ta yi sanyi, mutane sun cika ciyawa har inda ido ya tsaya, wasu da yara a wuya, wasu da kwalabe. Ya fito da duwatsun nan a ƙirji. Ya yi waƙa biyu cikin nasa, aka yi ta fito. Sai ya juya ya ɗaga wa masu ganga hannu, ya fuskanci gefen da nake. Ya hau sau ɗaya, fili ya ɗauki sowa. Sau biyu. Sau uku. Ya tsaya. Masu ganga suka ɗora hannu a kan fata. Masu tafi suka fara, suka ga ba kowa tare da su, suka bari. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a ƙasar nan, har kukan tsuntsu na ji a kan bishiya. Hannuna na cikin jaka, na warware ɗankwalin, na riƙe ludayin har ya yi ɗumi. Zan buga. Allah ne shaidata zan buga. Amma sai wata zuciya ta ce mini: shekara huɗu kina jin sunanki a bakin mashaya, bari shi ma ya ɗanɗana, bari ya kai numfashi bakwai. Na fara ƙirgawa ina kallon ƙirjinsa. Ɗaya. Biyu. Uku, inda a da ban taɓa bari ya wuce ba. Huɗu. Idonsa na kaina. Biyar.

A na biyar ɗin ne wani daga tsakiyar taro ya yi kukan biri. Da ƙarfi, ya iya, kamar ya daɗe yana koyo. Wani ya amsa mishi daga baya. Dariya ta tashi, ba kowa ba, na ga wata tsohuwa ta juya tana zagin mai yi, amma dariyar ta isa. Wurin da ya buɗe mini, abin da ya shiga ke nan.

Bai yi fushi a fuska ba. Ya sauke ƙaho daga baki, ya cire duwatsun ya ajiye a ƙasa a hankali kamar kayan aro, ya zaro hularsa daga aljihun wando ya sa, ya sauka. Patron ya biyo shi bayan dandali ya yi ja kamar gauta, yana cewa zai gani, ba zai ƙara busa ko a bikin kare ba. Maigidana ya ɗauki yarinya daga jikina ya ce, “Mu je.” Ni hannuna na cikin jaka har lokacin.

Ba mu koma Paris ba sai don kwashe kaya. Wani ɗan garinmu ya samar mishi aiki a wata izin, wato masana'anta, a Saint-Fons kusa da Lyon, inda iska ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, muka samu ɗaki a benen nan. Shekara ashirin da wani abu yana fita da gora da burodi a jaka. Ƙahon na bisa kabad cikin akwatinsa, ni ke share mishi ƙura ranar Juma'a. Bai taɓa ce mini don me ba. Da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa. Sau da yawa in yana zaune yana kallon tele nakan buga murfin tukunya sau biyu, kamar kuskure. Sai ya ce, “An sauke ne?” Amsar da ba a kira ta ba ƙarar tukunya ce kawai.

Ƙirjin da ke riƙe murya har mutane su gaji da ƙirga, shi ne ya fara kasawa. A asibiti, wata la'asar, an sa mishi robar iska a hanci, ina ɓare mishi lemu, sai ya ce, “Na ga hannunki a cikin jaka, ranar nan.”

Na ci gaba da ɓare lemu.

“Na san abin da ke ciki. Da na ƙara jira kaɗan. Baba ya ce a jira mai shi, ni kuma na sauka.”

Shekara ashirin ina ɗauke da laifin nan, ashe shi ma ɗauke yake da shi, yana zaton nasa ne. Akwai maganar da ta kamata in faɗa a wurin. Abin da ya fito shi ne, “Sha ruwanka, ka cika surutu.” Ya yi murmushi ya sha. Kwana tara bayan nan aka yi mishi sutura.

To ranar Talatar da ta wuce ɗiyar nan ta shigo ko sallama ba ta gama ba, waya a hannu. “Maman, écoute, Baba ne!” Wai wasu matasa a Paris masu tonon tsofaffin faifai sun sayi kayan wani sitidiyo da aka rufe, suka tarar da zaren kaset na ɗaukar farko, kafin a zuba tafi da ganguna, suka sa a intanet. Wai yanzu ana ta rubutu a kansa, ana cewa gwani ne da aka zalunta, masana na gardama kan ma'anar shirun da ke tsakiyar waƙar. Na ce masana su sha ruwa. Na ce ta sa.

Shi kaɗai ne, ba ganga, ba kowa. Saurayi, ƙirji cike da iska. Ya hau sau uku ya tsaya. Na dafa tabur. Ɗaya, biyu, uku, sai na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, sa'an nan busa ta gangaro.

“Mayar baya,” na ce.

“Ƙarar zaren ce, Maman, ya tsufa.”

“Na ce ki mayar.”

Ba ƙarar zare ba ce. Maɓallan ƙahon ne, na san ƙararsu kamar yadda na san tarinsa. Yana tsaye cikin ɗakin Nasara, ya kira, ya san ba ni nan, sai ya taɓa maɓalli sau biyu da yatsa ya amsa a madadina, don ya kasa wucewa ba tare da an amsa ba. Wannan ne patron ya rufe da tafi. Shekara huɗu na hukunta mutumin nan a kan ya cire ni daga cikin takena, ashe bai cire ni ba.

Na buɗe durowa na ɗauko ludayin. Shi ne dai, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Na ce ta sake sawa. Karo na farko hannuna ya yi nauyi, ya riga ni. Na biyu muka buga tare. Ɗiyata ta fara share ido, na ce in kuka za ta yi ta fita baranda, tana hana ni ji. A na uku, yana tsayawa, kafin ya cika numfashi ɗaya, na sauke wa murfin tukunya, kwan, kwan.

Ta saka mini shi a wayata, ta nuna mini inda zan danna, ta kawo mini farin abin toshe kunnen nan, na ce ta mayar. Take ba a ɓoye shi a kunne. Yanzu kullum in na sallame azahar nakan jingina wayar da gwangwanin gishiri in danna. Hannun tsufa ba shi da tabbas, wata rana ya riga ni, wata rana in riga shi. Jiya na riga shi. Na yau ban sani ba tukuna. Ke, ajiye biron nan ki duba mini agogo.